Motar daji tsakanina da yayana: otomatik ko giyar hannu?

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a garin Tawa, ina sayar da magungunan dabbobi da gishirin lasa, kuma sana'ar tana kai ni kasuwannin Abalak da Cintabaradan da rugagen da ke kewaye da su, wani lokaci har Tasara. Mahaifiyarmu tana ƙauye a yankin Keita, ta manyanta, kuma akan buƙaci a kawo ta asibiti. Ni da yayana mun haɗa kuɗi don sayen kat-kat, wato motar daji mai ja da tayoyi huɗu, wadda aka riga aka yi amfani da ita. Shi ne ya zuba kaso mafi yawa, amma ni ne zan riƙa tuƙa ta. Motoci biyu muka samu, Prado mai otomatik a wurin wani dillali a Yamai, da Hilux mai giyar hannu a nan Tawa. Yayana ya yi shekaru yana direba a hanyar Agadas, ya ce ko kyauta aka ba shi otomatik ba zai shiga daji da ita ba, domin ranar da ta mutu ba a tura ta, kuma babu mai gyara ta sai a birni. Abin da bai sani ba shi ne, tun haɗarin babur da na yi gwiwata ta hagu ba ta koma daidai ba. Idan na daɗe ina taka kuloci sai ta kumbura, in kwana ban runtsa ba. Kunya nake ji in faɗa masa, kada ya ɗauka na zama rago ko ina neman jin daɗi da kuɗinsa. Yanzu har ya fara cewa matata ce take zuga ni in sayi motar ƴan gayu. Wace ce ta fi dacewa da hanyoyinmu, kuma ta yaya zan fita daga wannan ba tare da na ɓata da yayana ba?

Ɗan'uwanka daga Tawa

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwana. Allah ya ba ka lafiya, ya ƙara wa Hajiya sauƙi, ya kuma bar ku tare da yayanka. Na karanta wasiƙarka a tsanake, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kuna ja-in-ja a kan mota alhali ɗayanku ne kaɗai ya san duk abin da ke cikin maganar. Yayanka yana lissafin rairayi da nisan gareji, kai kuma kana lissafinsu tare da gwiwar da ka ɓoye masa, saboda haka ko shekara za ku yi kuna musu, bakinku ba zai zo ɗaya ba. Zan fara da batun motar, domin ya kamata ka je wurinsa da sani a hannunka, sannan in dawo ga abin da nake ganin ya fi motar nauyi.

Ka fara da yarda cewa yayanka ba son zuciya yake faɗa ba. Direbobin zamaninsa sun koyi daji ne a kan Land Cruiser ƙirar 70, wadda Toyota ta fara fitarwa a 1984, musamman mai injin gazuwal na 1HZ, lita 4.2 da silinda shida, wanda aka haɗa shi da giyar hannu guda biyar. Wannan mota ta sami amanar mutanen arewa ne saboda ko ta sami matsala takan bar wa direba wata dabara. Idan sitata ta ƙi ko batir ya yi sanyi, mutum huɗu za su tura ta ta tashi. Idan kuloci ya daina kamawa daga feda, gwanin direba yana iya tayar da ita tana cikin giya, ya riƙa canzawa da sauraron injin har ya iso gari. Idan farantin kuloci ya ƙone, bakanike a Abalak zai sauke buwat, wato akwatin giya, ya canza shi. Otomatik ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba a tura ta ta tashi, kuma ba a janta da nisa tayoyinta na ƙasa injin na kashe, domin famfon da ke zagaya da man giyarta injin ne ke juya shi. Sai an kwance furofela ko an ɗora ta a kan babbar mota, in ba haka ba janta kawai zai ƙarasa ta. Idan kuwa cikinta ya lalace, gyaran yakan kai mutum Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500 daga Tawa, ga kayan gyara da suka ƙara tsada tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023 hanyar Kwatano ta toshe. Ƙara da cewa kwana a dajin arewacin Tawa da matacciyar mota, a halin tsaron da ake ciki, ba ƙaramin abu ba ne. Mutumin da ya ga irin wannan da idonsa, idan ya ce ba ya son ƙanensa ya shiga daji da otomatik, tsoron rasa ka yake yi kafin tsoron asarar kuɗinsa.

Gyara ɗaya kawai zan yi wa hujjarsa ta turawa. Motocin giyar hannu na baya-bayan nan, har da Hilux da yawa, kwamfuta ce ke sarrafa shigar mai cikin injinsu, kuma idan batir ya mutu murus turawa ba lalle ta tayar da su ba. Don haka ku bincika irin injin da ke cikin Hilux ɗin kafin ku dogara da wannan.

A cikin rairayi kuwa, maganar ta juya, kuma a nan ne mutane da yawa suke yi wa otomatik rashin adalci. Tsakanin injinta da giyarta akwai wani rufaffen tulu cike da mai, da fanka biyu a ciki suna fuskantar juna. Injin yana juya ɗaya, ita ta watsa man, man ya juya ɗayar. Saboda haka ƙarfi yana isa tayoyi a hankali, kuma ba ya yankewa sosai lokacin da take canza giya. A giyar hannu, da zarar ka taka kuloci ƙarfi ya yanke gaba ɗaya, kuma rairayi mai laushi irin na Azawak yana riƙe mota nan take, kafin ka shigar da giya ta gaba ta riga ta tsaya. Tashi daga tsaye a wannan wuri shi ne wahalar: ka saki kuloci da sauri tayoyi su haƙa rami, ka riƙe shi rabi da rabi faranti ya fara ƙauri. Gwani irin yayanka ya san maganin wannan, yakan zaɓi giyarsa tun kafin ya shiga, ta biyu ko ta uku a ƙaramar giyar daji, wato giyar da ke ƙara wa mota ƙarfi ta rage mata gudu, ba ya kuma taɓa kuloci sai ya fita. Amma babu direban da ba ya kafewa, kuma ranar da mota ta kafe aikin fitar da ita, gaba kaɗan, baya kaɗan, sau da yawa a jere, duk a kan ƙafar hagu yake. Haka ma hawan duwatsun Adar a hanyar ƙauyenku, inda ake bi sannu a kan tsakuwa da ramuka: mai giyar hannu yana fama da feda uku da ƙafa biyu, injin na iya mutuwa a tsakiyar hawa, mai otomatik kuwa totur da birki kawai yake kula da su. A gangara giyar hannu ta fi riƙe mota, wannan gaskiya ne, amma idan ka sa otomatik a L, wato giyarta ta ƙasa, tare da ƙaramar giyar daji za ta sauka da kai lafiya ba tare da ka ƙona birki ba. Ita kanta Toyota a 2023 ta fitar da wannan Land Cruiser ƙirar 70 da otomatik mai giya shida da injin lita 2.8, abin da ke nuna cewa masu ƙera motar daji ba sa kallon otomatik a matsayin kayan birni.

Babban abokin gabar otomatik a ƙasarmu zafi ne, kuma ina so ka fahimci wannan sosai domin a nan ne mafi yawansu suke mutuwa. Wancan man da ke ɗaukar ƙarfi yana yin zafi gwargwadon wahalar da yake sha. Ka haɗa rairayi mai laushi, da kaya masu nauyi, da rana ta watan Afrilu ko Mayu da ke wuce digiri 40, sannan direba ya bar motar a D da babbar giya yana ta danna totur, to man zai ƙone, farantan ciki su bi shi. Rigakafin ba shi da wuya. Kafin ka shiga rairayi ka rage iskar taya zuwa wajen bar 1.2 zuwa 1.5, domin tayar ta baje ta hau kan yashi maimakon ta nutse, ka kuma mayar da iskar da zarar ka hau burji ko kwalta. Idan yashin ya yi zurfi ka shiga ƙaramar giyar daji, ka tsayar da ita a 2 don kada ta yi ta hawa da sauka. Ka sa a ƙara mata ƙaramin lagireto na man giya a gaba. Idan fitilar A/T OIL TEMP ta kama a gabanka, ka tsaya, ka sa ta a P, ka bar injin yana aiki a hankali har fitilar ta mutu. Kada kuma ka yarda a zuba mata kowane jan mai da aka samu a kasuwa, domin Toyota tana da irin da ta ware wa kowace ƙira, T-IV ga wasu, WS ga na baya, kuma ni a irin wannan aiki naka ina ganin a canza shi duk kilomita 40,000 ya fi kwanciyar hankali.

Game da ƙoramu a damina maganata gajera ce: ruwa ba ya yi wa kowacce daɗi. Idan ya shiga man otomatik ya lalata ta, idan kuma ka taka kuloci a tsakiyar ruwa laka ta shiga tsakanin farantin. Ƙoramun Adar suna cika ba zato ko da ba a yi ruwa a inda kake ba, kuma sukan janye cikin ƴan awoyi, saboda haka ka jira.

Yanzu ga motocin nan biyu. Motar da aka riga aka yi amfani da ita lafiyarta ake saye, kuma lafiyayyar Hilux ta fi Prado mai ciwo a ɓoye, kamar yadda lafiyayyar Prado ta fi Hilux da aka gama tatsa. A Prado ɗin a duba man giya: ja mai haske alheri ne, baƙi mai ƙauri alamar ta sha zafi, mai kama da an zuba masa madara kuwa ruwa ya shiga, a bar ta nan take. Wasu ƙirar ba su da sandar awon man, sai an shiga ƙarƙashinta a gareji, kuma dillalin da ya ƙi a yi wannan ya riga ya ba ku amsa. A tayar da ita da safe tana sanyi, a sa D sannan R, a ji ko tana jinkiri ko tana bugawa. A yi tafiya mai nisa har ta yi zafi, a ji ko injin yana ihu motar ba ta ja. A gwada ƙaramar giyar daji da makullin tsakiya mai sa tayoyin gaba da na baya su juya tare a kan yashi, wanda ba ya wuyar samu a bayan garin Yamai. A kuma tabbatar da takardun duwan. Akwai kuma abin da ba ku ambata ba, wato kaya. Prado rufaffiya ce, ta dace da magungunan da ba sa son rana, ta kuma fi wa Hajiya daɗin zama a gargada, amma gishiri yana da nauyi kuma ba za ta ɗauki abin da bayan Hilux zai ɗauka ba. Idan gishirin ne ya fi yawa a cinikinka, ku sani akwai Hilux mai otomatik, kuma jiran wata ɗaya ko biyu don a nemo ta ba asara ba ne. Abin da zan hana ka kawai shi ne ƙananan motocin nan masu kama da kat-kat waɗanda ba su da ƙaramar giyar daji, ko da an yi maka araha.

Ga ra'ayina a fili. Da ƙafafunka biyu lafiya suke, da na ce ka bi yayanka ka ɗauki giyar hannu, domin ga mai yawo nesa da gareji sauƙin gyara ya rinjayi sauƙin tuƙi. Amma kai ne za ka zauna a bayan sitiyari, kuma daga Tawa zuwa Abalak kaɗai kimanin kilomita 135 ne, kafin a sauka daga babbar hanya a shiga inda aikin kuloci yake farawa. Direban da gwiwarsa ta kumbura yakan fara gudun canza giya, ya ja mota a giyar da ba ta dace ba, ya yi jinkiri a inda ake bukatar hanzari, hankalinsa ya rabu tsakanin hanya da ciwo. Wannan haɗari ne gare ka da wanda ka ɗauka, har da Hajiya, kuma yana iya mayar da ciwon da ake iya lallaɓawa ya zama na dindindin. Saboda haka idan kai ne direba, otomatik mai lafiya ce ta dace da kai, da sharaɗin ka ɗauki nauyin kula da ita yadda na bayyana.

To, sai maganar da ta fi nauyi. Na fahimci kunyarka, domin ƙanen da ya tashi yana ganin yayansa jarumin hanya ba ya son ya tsaya gabansa ya ce ƙafata ta gaza. Amma ka dubi wanda ke biyan kuɗin shirunka. Yayanka ya ga ka nace a kan abin da bai ga dalilinsa ba, ya nemi dalili da kansa, ya ɗora wa matarka. Ita kuwa baiwar Allah ita ce ke ganin gwiwar nan da dare, ita ke dafa ruwan gashi, kuma ta riƙe maka sirri har ana zarginta da abin da ba ta yi ba. Irin wannan zargi idan ya zauna tsakanin mace da dangin mijinta yana daɗewa fiye da kowace mota, kuma kai kaɗai ne kake iya cire shi. Shi ma yayanka ana tauye masa haƙƙi, domin ya zuba dukiyarsa kuma ana neman ya yanke shawara a kan rabin labari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma idan da abokin gini sai an nuna masa wurin.

Kafin ka je wurinsa, ka je babban asibitin Tawa likitan ƙashi ya duba gwiwar, a ɗauki hoto, ka tambaye shi kai tsaye ko tuƙi mai nisa da kuloci zai ƙara mata lahani, da kuma ko akwai magani ko motsa jiki da zai gyara ta. Wannan don lafiyarka ne tun kafin mota, kuma amsar tana iya canza lissafin duka. Bayan haka ka same shi a gidansa, ku biyu kawai, ba ta waya ba, ba kuma a majalisa ba, a lokacin da ya huta. Ka fara da abin da ya faɗa daidai: “Yaya, duk abin da ka ce game da otomatik a daji gaskiya ne, kuma ban fi ka sanin hanya ba. Akwai abin da na ɓoye maka saboda kunya, kuma ban kyauta ba.” Sannan ka nuna masa gwiwar da takardar likita, ka kuma faɗa da bakinka cewa matarka ba ta da hannu, ita ma lafiyarka take tsoro. Kada ka yi mamaki idan ya fara da faɗa. Zai ji zafin an ɓoye masa, kuma yana da haƙƙin jin hakan. Ka yi shiru ka bar shi ya gama.

Daga nan kada ka ce masa ka riga ka yanke hukunci. Ka roƙe shi ya jagoranci sayen: ya bi ka Yamai da bakaniken da shi ya amince da shi, ya tuƙa Prado ɗin da kansa a kan yashi, kuma ka yi masa alkawari cewa idan ya ce ba ta da lafiya ka haƙura da ita. Ka kuma amsa damuwarsa da aiki. Ka ware wani abu daga ribar kowace kasuwa a matsayin asusun gyara, don ranar da buwat ta nemi kuɗi kada a koma aljihunsa. Ka sa batir sabo, ka riƙa tafiya da wayoyin haɗa batir da ƙaramin batirin tayar da mota, da farantan fita daga yashi, da shebur, da famfon iska, da safaya biyu, da ruwa mai yawa. Tafiyar Tasara da makamantanta kuwa kada ka yi ta kai kaɗai, ka bi ayarin ƴan kasuwa, ka bar labarin hanyarka da lokacin isarka a gida. Mutumin da ya san daji idan ya ga wannan shiri zai gane ba da wasa ka ɗauki gargaɗinsa ba.

Idan duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba, akwai hanya ta biyu mai mutunci: ku sayi Hilux ɗin, ku ɗauki direba, wataƙila wani matashi a cikin dangi mai permi wanda yayanka zai horar da kansa, kai kuma ka riƙa tuƙa gajerun tafiye-tafiye. Ka dai yi lissafin albashinsa da abincinsa a cikin ribarka, ka kuma tambayi kanka wa zai je ɗauko Hajiya idan aka kira da tsakar dare direba ba ya kusa. Idan kuma magana ta cije, ku nemi kawu ko baffa da ku biyun kuke jin nauyinsa ya zauna da ku, amma kada ku kai wa Hajiya, domin tsohuwa mai jinya ba ta bukatar jin ƴaƴanta sun saɓa a kan motar da aka ce don ita aka saya. Kowace kuka zaɓa, ku rubuta kason kowa da wanda gyara ke wuyansa, a gaban shaidu biyu, yanzu da kuke cikin daɗin rai.

Kada ka ba dillalin Yamai ko dala ɗaya ta kafin alƙalami sai ka ga likita ka kuma zauna da yayanka, ko da ya ce maka akwai wani mai saye yana jira. Idan kun yi maganar ka sake rubuto mini, ka haɗa da shekarar ƙirar motocin biyu da irin injinsu, domin mu duba abin da ya rage tare. Allah ya zaɓa muku mafi alheri.